Daminar da Gishirinmu Ya Shige Ƙasa

Yau kwana huɗu ke nan ba mu ga rana ba a Pauwa. Marka ta zauna, kayan da aka shanya tun Litinin suna nan bisa igiya suna wari, ashana ma sai an ƙyasta biyar kafin ɗaya ta kama. Ɗazu da hantsi Rabi, matar autana, ta ɗauko robar gishiri za ta zuba a miya. Ta girgiza, ta girgiza, ya ƙi fitowa, ya jiƙe ya dunƙule. Ta ja tsaki ta ce wannan ai sai zubarwa, bari a sayo wata leda a shagon bakin masallaci. Ban san sa'ad da na daka mata tsawa ba.

"Aje shi nan! Zubarwa? Gishirin?"

Saura kaɗan robar ta suɓuce mata. Ta tsaya tana kallona kamar na taɓu. Ba laifinta ba ne, baiwar Allah, ita ta taso ta tarar gishiri abu ne da ake sayowa kafin ruwan tuwo ya tafasa. Ni kuwa har gobe in na ga gishiri ya jiƙe sai gabana ya faɗi, kuma ina da dalili.

Daminata ce ta farko a gidan nan. Lokacin Turawa ba su tafi ba, saura 'yan shekaru. Ni ɗiyar cikin garin Kankara ce, babanmu marini ne, gidanmu jikin kasuwa yake. Ba mu taɓa aje gishirin da ya wuce na mako ba, in ya ƙare a leƙa a auno. Kuma ba ni ɓoye maku, na zo ƙauye da iyayi. Komi na gani sai in taɓe baki in ce mu a gari ba haka muke yi ba. Shi ya sa uwar mijina ta laƙaba mani 'Yar Kankara, har ta koma ga Allah ba ta kira ni da wani suna ba. Ni kuma Inna nike ce mata. Mace ce gajera, ba ta faɗa, ba ta zagi. Shirunta ake tsoro.

A nan gishiri sau ɗaya yake zuwa a shekara. In an gama kaka Buzaye su sauko da raƙumansu su sauka bayan gari, a kai masu gero su ba da kantu. Kantu curin gishiri ne dogo, ya kusa ƙaramin turmi, launinsa toka-toka, nauyinsa sai an sa hannu biyu. A shekarar Baba, uban mijina, ya karɓi ukku. Ɗaya muka ci da rani, mu da dabbobi. Biyun na damina ne, don in ruwa ya zauna koramar da ke tsakaninmu da hanyar kasuwa takan cika ta batse, a yi makonni ba mai ƙetarewa.

Kuma gishirin nan ba na miya kaɗai ba ne. Mai ciwon haƙori shi zai tauna, mai miki da shi za a wanke mashi a ruwan ɗumi, matsattsaku in ta kama ƙafar mai noma a fadama shi za a barbaɗa mata ta saki. Yajin mai jego da shi, lasar shanu da shi. Maƙwabta kuma in nasu ya ƙare gidanmu suke yowa da ɗan ƙoƙo, don an san Inna da tanadi, kuma ba a hana gishiri, kamar yadda ba a hana wuta.

Ajiyar Inna ɗaya ce. Ta naɗe kantu cikin tabarmar kaba, ta sa a ragaya, ta rataye shi a ɗakin girki daidai saman murhu. Hayaƙi ya yi ta bugunsa safe da maraice har kunkunniya ta rufe shi baƙi ƙirin. Ni duk sa'ad da na ɗaga kai na gani sai raina ya ɓaci. Abin da za a sa a baki, a bar shi cikin baƙin hayaƙi?

Gab da faɗuwar ruwa maza suka kware jinkar ɗakin girki za su sake baibaya. Aka sauko da kantun biyu. Inna ta kira ni ta ce, "'Yar Kankara, kai su ɗakinki kwana biyu. In an gama ki maida su sama. Gwiwata ta daina hawa turmi, idona kuma ya yi hazo. Daga yau gishirin gidan ga na hannunki."

Kai, ranar kaina ya yi girma. Amarya ta wata biyar, a damƙa mata gishirin gida! Na shiga ɗaki na kwance kabar, na sa wuƙa na kankare baƙin, sai ga shi ya fito fes. Nan shaiɗan ya zauna mani a kunne. Na ce wallahi ba ya komawa cikin hayaƙin nan. Ɗakina sabo ne, daɓensa kamar a lasa, mata goma suka buge shi da madaɓi kafin a kawo ni, suka shafe shi da makuba har yana ƙyalli. Ina ya fi nan tsabta? Na tura kantun biyu ƙarƙashin gadona na kara, can jikin bangon gabas. Bangon gabas fa, inda hadari ke fara duka. Ko yaron goye a ƙauyen nan ya san wannan, ni ce ban sani ba. Na fasa kan ɗaya, na naɗe guntun cikin kaba mai yawa don ya yi kauri, na hau turmi na rataye. Inna ta ɗaga kai ta ga ƙunshi yana lilo, ta ce madalla.

Ruwa ya sauka da kyau. Aka yi shuka, aka yi noman farko, aka shiga maimai. Hatsin rumbu ya yi ta ja da baya, don gero mai yawa ya tafi wurin Buzaye, ga bikinmu ya ci nasa. Baki goma sha ɗaya ne a gidan. Aka fara ƙara tafasa da rama a kan ɗan tsakin da ake dafawa, a yi kwaɗo a ci da rana, tuwo sai maraice. Abin da ya hana hankalin Baba tashi shi ne sansa. Wani farin sa ne mai tozo, shekara huɗu yana kiwonsa a turke bayan gida. Ya ce da zarar korama ta janye zai ja shi kasuwar Ketare ya musanyo hatsi, ya kai mu har sabon gero.

Sai marka ta zo. Ba irin ta yanzu ba, da za a yi kwana biyu a ce an gaji. Ruwa ne siriri ba tsawa ba iska, ka tashi da shi ka kwanta da shi. Bango ya yi sanyi, tabarma ta yi funfuna, tsakar gida ta zama taɓo har idon sawu. Korama kuwa daga ƙofar gida ana jin kukanta.

Ran wata Laraba guntun da ke sama ya ƙare. Bayan na kai ma maza fura na shiga ɗaki da taɓarya zan faso wani. Na durƙusa na jawo ƙunshin da ƙarfi kamar yadda na saba, sai na tafi da baya na zauna daɓas. Ba nauyi. Kabar ta biyo hannuna sharkaf, tana ɗigar da ruwa.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na kwanta rub da ciki na leƙa. Ashe gafiya ta yi rami a gindin bango, ruwan da ke zubowa daga jinka ya sami hanya, yana shigowa ta nan yana bi ta ƙarƙashin kantun. Sun narke sun zauna, sai wata laka toka-toka. Daɓen wurin ya yi laushi kamar ƙullu. Na dangwala na kai baki, gishiri zau. Gishirin baki goma sha ɗaya na damina guda ya shige ƙasa.

Na ɗauko ƙoƙo. Na kwashe lakar da ta rage, ba ta wuce ƙoƙo biyu ba, na zuba a 'yar tukunya na rufe. Na cusa tsumma a ramin gafiyar, kamar tsumma zai tare ruwa. Na tashi zan je wurin Inna, na kai bakin ƙofa, na hango ta zaune tana tsinke zogale, sai na juya na koma ciki. Na ce bari sai gobe, in rana ta fito zuciyar kowa ta yi fari. Gobe ta zo ba rana. Na ce jibi.

Kwana tara na yi a haka, kuma ban taɓa jin tsoro irin na kwanakin nan ba, ko ranar haihuwata ta fari. Kullum in ɗebo 'yar lakar a ɓoye cikin bakin zane, in busar jikin murhu, in jefa a miya. Kullum in rage. Ran na huɗu Baba ya aiko da akushi da sauran tuwo a ciki, abin da bai taɓa yi ba, ya ce a tambayi 'Yar Kankara ko a garinsu lami ake ci. Maigidana ya yi dariya yana ba ni saƙon. Ni ma na yi dariyar yaƙe.

Washegari Dije maƙwabciyarmu ta shigo da ƙoƙonta, ta yafa buhu a ka saboda ruwa. Ta ce, "Amarya, a sam mani na miya, namu tun jiya ya ce ga garinku." Na juya mata baya na dumbuza daga 'yar tukunyata. Ta duba ta ce, "Wanga kuwa ya sha ruwa ne?" Na ce marka ce. Ta ce, "A saman murhun Inna? Ikon Allah." Ta fita tana jujjuya shi a hannu.

Sai awaki suka sa ni gaba. Na fito da safe na zagaya bayan ɗakina, na tarar da ukku sun jeru sun kafa kai gindin bango suna lasa, ruwa na dukansu ko a jikinsu. Akuya fa, wadda ko yayyafi aka fara sai ta ruga rumfa. Na kore su, kafin in juya sun dawo. Na jefe su da hogen ƙasa, suka dawo. Har suka ƙwaƙule bangon ya yi rami kamar ƙwarya. Duk wanda ya bi ta wurin sai in ji kamar sunana suke kira.

Ran na bakwai na zagaya da sanda zan kore su, sai na tsaya cik. An jingina tsohon zana a bangon, an danne gindinsa da duwatsu, an tona 'yar hanya ruwa na bi ta gefe. Na sha jinin jikina. Wani ya gani. Wa? Na dubi maigidana da rana, fuskarsa ba komi. Na dubi Inna, tana kaɗi abinta, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ranar ko loma ɗaya ban ci ba.

Ran na tara, Alhamis, da sassafe muka ji salati bayan gida. Sa ne. Ya zabura zai miƙe a turke, taɓo ya ja ƙafarsa ta gaba, ya faɗi da dukan nauyinsa a kanta. Da na leƙa ta kan danga na ga ƙashin ya huda fata ya fito. Yana nishi, yana buga kai ƙasa. Baba na tsaye kansa ba hula, ruwa na bin gemunsa. Dattawan unguwa suka taru suka duba, kowa ya girgiza kai. Ba ɗori, ba hanyar kasuwa. Aka aika kiran mahauci kafin ya mutu mushe.

Ina tsakar gida Baba ya shigo. Na ga ya tsufa a safiya ɗaya, amma ya daure yana ƙarfafa mamu zuciya. Ya ce za a ba unguwa kayan ciki da kai da ƙafafu a ci yau. Tsokar kuma a yanka ta sala-sala a cuɗe da gishiri a kyafe, tunda ba ranar shanya. In korama ta janye a kai busasshen Ketare a karɓo hatsi. Sannan ya ɗaga hannu sama ya ce, "Alhamdulillahi da Allah ya sa muna da kantu biyu cur. Ba don su ba, nama jibi ya ruɓe, mu kuma mu ci mi har gero ya nuna? 'Yar Kankara, sauko mamu da su a daka."

Na ce to. Wallahi ban san da wane baki na faɗa ba.

Na shiga ɗakin girki. Inna na zaune gefen murhu tana ɗumama gwiwa. Na jawo turmi na hau, na kwance ragayar, na sauko da ƙunshin da yatsa biyu, don ba komi cikinsa sai iska. Na aje gabanta na durƙusa. Na ce:

"Inna, babu. Ban maida su sama ba. Ƙarƙashin gadona na sa, ruwa ya shiga, sun narke."

Ba ta ko motsa ba. Ta ce, "Na sani."

Na ɗago na dube ta.

"Tun shekaranjiya. Idona ne ya mutu, kunnena na nan. Awaki na goge bango da halshe tun safe har la'asar cikin ruwa, ke kin taɓa ganin akuya na lasar laka a banza? Na lallaɓa na dangwala na kai baki. Zanan ni na jingina. Na ce in ba ki kwana ukku ki zo da bakinki, yau ne na ukkun. Yaushe kika gani?"

"Yau kwana tara."

Ta yi shirun nan nata. Na ji da ma ta ɗauki muciya ta rafka mani.

"Tara," ta ce. "Wato kwana shidda kafin in sani, ruwa na shiga yana fita da abincin mutane, kina kallo. Narkewar ba ta ba ni haushi ba, ba ki sani ba ne. Shiddan nan su ne ba ni iya maidowa."

Na fashe da kuka. Ta ce, "Share hawayen, gishirin da ke cikinsu bai isa sa guda ba. Tashi ki ɗauko hauya. Ki leƙa ta danga ki ce ma Dije ta zo da kwandunanta da duk kwatarniyar da ke gidansu."

Ban gane ba, amma na ruga. Kafin in dawo Inna ta sa an fitar da gadona da tukwanen jerena tsakar gida. Ta shiga ɗakin da sandarta, ta durƙusa da wannan gwiwar mai ciwo, tana dangwalar daɓe tana kaiwa baki, tana matsawa, tana dangwala. Ta zana da'ira da sandar tun daga bango har kusan tsakiyar ɗaki. Ta ce, "Sara nan. Gishiri ba ya mutuwa, ƙaura yake yi."

Na ɗaga hauya na sari daɓen aurena. Sara na farko har cikin raina na ji shi.

Ƙarar ce ta jawo Baba. Ya tsaya bakin ƙofa hannunsa duk jini, ya ga ƙasa tuli, ya ga ba kantu. Ya ce, "Mi ake yi nan? Ina gishirin?"

Inna ta ce, "Ya shiga ƙasa, muna fiddo shi."

"Ƙasa? Wa ya aje gishiri ƙasa da damina?"

Na sunkuyar da kai. Inna ta miƙe da kyar ta tsaya tsakanina da shi. Ta ce, "Malam, shekara talatin da wani abu, ka taɓa tambayata inda nike aje gishiri? Tahi ka ji da namanka. A yanka shi siriri, a rufe da ganye saboda ƙuda. Kuma ina son itace busasshe, ko daga ina."

Ya dube ta, ya dube ni, ya juya. Ya gane sarai.

Dije ta zo da mata huɗu. Inna ta sa aka shimfiɗa ciyawa cikin kwanduna, aka zuba yashi, aka ɗora kowane kwando bisa kwatarniya, kamar yadda ake tatar ruwan toka. Mu cika kwando da ƙasar ɗakina, mu zuba ruwa a hankali, ya riƙa tsiyaya ƙasa ja-ja saboda makuba. Inna ta ce tana yarinya a garinsu Ruwan Godiya an yi wata yunwa, iyayensu mata har ƙasar turken shanu suka tata, inda dabbobi suka shekara suna lasa. Ba wadda ta yi mani gori. Dije ce kawai ta raɗa mani, "Da ma na ce saman murhun Inna ba ya jiƙa."

Ruwan da ya tsiyayo zartsi ne kawai, bai isa ya riƙe nama ba, sai an dafa shi ya ƙone ya yi kauri. Ga itace duk ɗanye, sai hayaƙi da hawaye. Inna ta waiwaya ta ga gadona jingine ƙarƙashin rumfa. Ban jira ta ce komi ba. Na sa ƙafa na karya shi, na riƙa tura karan cikin murhu. Shi ya kama wutar. Maigidana ya zaro itacen gindin tsohon rumbu ya kawo, ya aje kusa da ni, ya ce a hankali, "Ke kuwa mi ya kai ki?" Bai jira amsa ba, ya koma wurin nama.

Inna ta aika aka ɗauko ƙwan zabo ɗaya. Ta ce in ruwan ya ɗauki ƙwai ya taso da shi sama, to zai riƙe nama, in bai ɗauka ba wahalar banza muke. Ta ɗebi ruwan a ƙwarya ta fifita ya huce, ta saka ƙwan. Ya nutse ya kwanta a gindi. Muka ƙara wuta. Azahar ta yi, ta sake gwadawa, ya nutse. Can waje nama na jibge bisa ganye tun hantsi, ƙudaje sun fara taruwa duk da ruwan, mahauci na aiko da tambaya. Ni ina tona, ina ɗauka, ina tata, tafin hannuna ya fashe, gishirin na shiga ciwon kamar wuta. Addu'ar da na sani duk na karanta. Na ce ya Allah, in ƙwan nan bai taso ba, mutum goma sha ɗaya za su kwana da yunwa saboda ni, ni kaɗai, saboda ƙyamar baƙin hayaƙi.

Gwaji na ukku ya miƙe tsaye a gindin ƙwaryar, bai taso ba. Ana kiran la'asar Inna ta sake sakawa. Muka kewaye ta mu shidda, ba mai numfashi. Ƙwan ya nutse, ya yi jim, sai ga shi yana tasowa a hankali har kansa ya leƙo. Dije ta rangaɗa guɗa. Ni kuwa na zauna cikin taɓo.

Muka riƙa tsoma salar nama cikin ruwan, a bar shi ya sha, a rataye bisa igiya a ɗakin girki da zaure, hayaƙi na bi ta ƙasa. Kwana biyu muna tata muna dafawa. Na tona ɗakin nan har ramin ya kai gwiwata, har Inna ta dangwala ta tofar ta ce, "Bari haka nan, ƙasa ce zalla." Ruwan gishiri ya ƙare, ga cinya guda da rabin haƙarƙari bai taɓa su ba. Daidai abin da ruwa ya tafi da shi a kwanakin da na yi shiru.

Aka gwada su da hayaƙi kaɗai, don Baba ya sa rai da su. Ran na ukku wari ya cika gida. Da aka sauko da cinyar ta yi kore, tsutsa na motsi jikin ƙashi. Maigidana ya sa a kwando ya ɗauka zai kai bayan gona ya binne. Baba ya tsaya ƙofar gida yana bin kwandon da kallo har ya ɓace cikin gero. Kiwon shekara huɗu. Da ya juyo muka yi kiciɓis, ya ce, "Sannu da aiki, 'Yar Kankara," ya wuce. Wannan sannun ta fi mari zafi, har yau ina jin ta.

Bayan mako biyu korama ta janye, aka kai naman Ketare. Hatsin da aka samo bai kai mu ba. Kwanakin ƙarshe sau ɗaya ake ɗora tukunya, sauran sai tafasa da ɗan guntun ruwan da aka tsoma nama cikinsa, wanda Inna ta aje a tulu. Yaran gidan suka daina wasa, su zauna bakin ɗakin girki suna kallon murhu. Dole Baba ya shiga gonar bayan gida ya yanko gero tun bai gama ƙosawa ba, muka gasa tumu. Ba wanda ya mutu, alhamdulillahi. Amma na ga wuyan Inna ya zama kamar kara, kuma na san inda naman wuyan ya tafi.

Bayan kaka Buzaye suka sauko. Baba ya shigo da kantu ukku ya jera gaban Inna, da gangan, kowa na tsakar gida. Ni ina can gefe ina tankaɗe, na ƙi ɗago kai. Inna ta shafa su ɗaya bayan ɗaya, ta ƙwanƙwasa ta ji ƙararsu. Sai ta ce, "A kai ma 'Yar Kankara."

Baba ya ce, "Ita kuma?"

Ta ce, "Ita. Duk ƙauyen ga ba wanda ya kai ta tsoron ruwa yanzu."

Na naɗe su da kaba ina kuka, na hau turmi na rataye saman murhu. Shekara ashirin da wani abu ina aje gishirin gidan nan, har aka daina ganin raƙuma, na buhu ya shigo. Baƙi ƙirin nike sauko da shi, ban ƙara kankarewa ba sai daidai wanda za a daka.

Da na gama ba Rabi labarin nan ruwa ya ɗan tsagaita. Na ce ta kama hannuna, don yanzu ni ce gwiwa ta ƙi. Muka zagaya bayan gida. Ɗakin ya rushe tun tuni, an yi wasu an sake, amma wurin na nan, fili kamar faɗin tabarma, ko ciyawa ba ta fitowa, ga damina ta rufe ko'ina da kore. Awaki biyu na tsaye kansa sun kafa kai.

Rabi ta ce, "Hajiya, mu ai ce mamu aka yi wurin aljanu ne."

Na ce, "Aljanar ga ta nan riƙe da hannunki."

Ta yi dariya, ni ban yi ba. Na dafa kafaɗarta na duƙa da kyar, na dangwali ƙasar na kai baki. Ta ce, "Akwai?"

Na ce mata akwai. Ko yana nan ɗin, ko bakina ne bai manta ba, Allah ne ya sani. Muka koma ciki, ta juye gishirin robar bisa faifai, ta baza shi da yatsa, ta tura kusa da murhu.